Inci Huɗu a Ƙasan Farar Riga

Almakashi na hannuna lokacin da wayar ta yi ƙara. Na riga na yanka gaban rigar da bayanta, hannu ɗaya ya rage. Da na ga lambar 'yar ƙawata ce, har na shirya tsiyar da zan yi, don na ɗauka uwar ce ta ari wayar za ta tambaye ni ko na fara ɗinkin. Sai na ji muryar yarinyar: "Inna, Mama ta faɗi a wurin aiki." Na ce to, ga ni nan, wane ɗaki aka kwantar da ita? Ta yi shiru. Daga shirun na gane uwar ta rasu.

Ban yi kuka ba a lokacin. Abin da na yi har yau ban san dalilinsa ba: na ƙarasa yanka hannun, na ninke, na ajiye.

Sista muke kiran ta, amma ba nas ba ce. Shekara goma sha tara tana aiki a ɗakin masu haihuwa na asibitin da ke kallon shagona: shara, goge ƙasa, canza zanen gado, tura keken marasa lafiya. Rigar aikinta ruwan ƙasa ce. Ni na liƙa mata sunan don tsokana, ranar da ta fara shigowa in gyara mata zif, ta tsaya tana faɗa mini cewa zaman keken ɗinki ne ke kumbura mini ƙafa. Na ce, "To Sista, na ji." Ta ce, "Allah ya amsa bakinki, Tela." Tun daga nan kullum a shagona take cin abincin rana, a kan bencin da ke jikin teburin yanka.

Ta san aikin nas kamar yadda na san zare. Sababbin nas-nas in sun rasa jijiyar mai naƙuda, ita suke yi wa ido, ta matso da tsintsiyarta kamar shara ta kawo ta, ta nuna wurin da haɓa. Amma ba ta da ikon taɓa allura, kuma albashinta bai kai kashi ɗaya cikin uku na wadda ta nuna wa jijiyar ba. Wannan abu ya tsaya mata a rai. Ta sake zana jarrabawar sakandare har sau biyu, a tsakiyar yaran da wasu a gabanta aka haife su. Da ta ci, ta nemi gurbin digirin aikin jinya, aka ba ta. Ranar da takardar ta zo ta sayo farin yadi mai kyau, yadi huɗu, ta dire mini a kan tebur.

"Auna ni. Amma kar ki yanka tukuna."

Shekara uku ke nan da wannan maganar.

Abin da ya hana yankan shi ne lissafi, kuma a kan teburina ake yin sa, da allin da nake zana kaya. Karatun shekara biyar ne. Kuɗin kowace shekara ya kai albashinta na wata bakwai, ban da littattafai da kuɗin mota, kuma dole ta ajiye aiki. Abin da ta mallaka shi ne ɗan filin da ta gada wurin mahaifinta. In an sayar, zai ɗauki shekara uku da ɗan wani abu. Sauran biyun, Allah. In ta gama tana da shekara arba'in da shida, saura goma sha huɗu a sallame ta. Sai ta ja layi ta ce, "Kin gani? Cikin shekara huɗu na mayar da kuɗin filin. Sauran goma riba ce."

Washegari kuma ta shigo fuska a murtuke. "Goge, Tela. 'Yar ƙanwar shugabarmu shekara biyu da gamawa, har yanzu ba a ɗauke ta ba, tana gida tana sayar da turare." In goge. Bayan kwana uku ta dawo tana washe baki, wai wata da suka yi aiki tare ta tafi ƙasar waje, ta gina wa uwarta gida cikin shekara biyu. In miƙa mata alli. Ni dai a aji shida na tsaya, amma na lura lambobin ba sa canzawa, amsar ce kullum daban. Na taɓa ce mata, "Ke wai lissafi kike yi ko duba?" Ta jefe ni da allin.

Sau biyu tana rubuta wa makarantar a ɗaga mata zuwa baɗi. Bana suka ce ba ƙari: ko ta biya kafin ƙarshen wata, ko gurbin ya tafi.

Ga kuma 'yarta ta fari, wadda muke kira Falwaya saboda tsawo, ta gama sakandare bana da sakamako mai kyau. Fili ɗaya ne, ba zai karantar da mutum biyu ba. Sista takan ce, "In ita ta yi, shekara talatin da biyar za ta ci albashin. Ni goma sha huɗu. Ko jaki ya san wanne ya fi." Sai kuma ta yi tsaki: "Amma yarinyar da ke sumewa in ta ga an yanka kaza? In zuba mata fili, ta je ta zube a ɗakin tiyata?" Falwaya kuwa in an tambaye ta sai ta ce, "Duk abin da Mama ta ce." Maigidan Sista direban motar haya ne, mutumin kirki, amma shi ma amsarsa ɗaya: "Filinki ne." Kowa ya sakar mata, ita kuma ta rasa inda za ta ajiye.

Duk shekara in lokacin biya ya matso sai ta ce in sake auna ta. Ina da awon nan uku a littafina, shafi ɗaya. Ƙugu talatin da takwas. Sannan talatin da shida. Na ƙarshe talatin da biyu. Ni da hannuna na rubuta, ni na zagaya tef ɗin a jikinta. Kuma abin da na ce mata shi ne, "Kai, ƙawata, kin koma budurwa! Yadi ma zai ragu." Tela in ta ga ƙugu ya ragu, yadi take gani. Bayan rasuwarta likita ya ce ciwon ya fi shekara yana cin ta a ciki. Mace tana kwana tana tashi a asibiti, ba ta taɓa yankar kati don kanta ba, ni kuma shaidar tana rubuce a littafina ina yi mata barka. Wannan ne ke hana ni sukuni.

A zaman makoki na yi ta neman wanda zai faɗa mini shawarar da ta yanke. Maigidanta ya ce ta haƙura da karatun tun watan jiya, ta ce masa tsufa ya zo. Shugabar nas-nas ta ce a'a, ranar Litinin Sista ta kawo takardar ajiye aiki, ranar Laraba ta dawo ta karɓe ta, ta ce akwai kuskure a ciki za ta gyara. Dillalin fili ya zo gaisuwa, ya ce ta ba shi izinin sayarwa, har an samu mai saye. Falwaya kuma ta ja ni gefe ta nuna mini fom ɗin makarantar da ta samu a jakar uwar. An cike adireshi, an cike komai, wurin suna ne kawai babu kowa.

"Inna, ke ce aminiyarta. Me take so in yi?"

Saura kwana tara wa'adin ya cika, mai sayen fili yana jira, kuma yarinya ta zuba mini ido. Na ce mata kar ta ɗauki karatun da ba ta so don kunyar mamaciya. Ta ce ita ma ba ta san ko tana so ba. Wai da aka bar ta ta shiga wurin gawar, ita ta goge wa uwar jinin da ke bakinta, kuma ba ta sume ba. Ban san ko wannan amsa ce ba.

Rigar tana nan a yanke, ban haɗa ba. Abin da nake da shi kawai shi ne maganarmu ta ranar Talata, kwana biyu kafin ta faɗi. Na juya ta ta kowace fuska. Wata rana in ce ta san ba ta da lafiya, wata rana in ce wasanta ne kawai irin na kullum. Na faɗa wa Falwaya ita kamar yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba.

Ta shigo da rana, ba ta taɓa abincinta ba. Ta ɗauki tsumma ta goge lissafin da ke kan tebur tas, ta sauko da farin yadin daga saman kantar kaya, ta kakkaɓe ƙurar.

"Yanka, Tela."

"Da gaske? In almakashi ya shiga ba komawa fa."

"Na ce ki yanka. Amma ki naɗe ƙasan sosai, ki bar inci huɗu a ciki."

"Inci huɗu? Ke da kika gama tsawo tun ana goya Falwaya? Ko digirin ne zai ƙara miki?"

Ta yi dariya har ta dafa ƙofa. Ta gyara ɗankwalinta, ta leƙa titi ko mota na zuwa.

"Ke dai ki bari a ciki. Ba a san wa zai warware ba."

Na ce, "To Sista, na ji."