Yatsan Da Na Bari A Shafi Na Sha Tara

Ina aji huɗu na sakandare a Bodinga lokacin da abin ya faru. Ni ce yarinyar da ke zama layin baya, wadda ko an kira sunanta sai muryarta ta shige hijabi. Amma idona ba ya hutawa. Na san malamar da ta sauya takalmi, na san wanda ya zo makaranta bai karya ba. Littattafan soyayya kuwa na karance su a wayar yayata har batir ya mutu, kuma burina ɗaya ne: in ga sunana a bangon littafi. Da na fara sakin labarina shafi-shafi a wani zauren mata na waya, sai mutane suka riƙa neman ci gaba. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, ban kuma ƙara samun natsuwa ba. Ina wanke-wanke ina tunani, ina aji ina tunani. A shafi na sha takwas labarin ya ƙafe mini.

Da hutu na tafi Shagari wurin Gwaggo. Ɗiyarta taubashiyata ce, sa'ata, kuma ita ce mai fara karanta duk abin da na saki. Baiwarta take kirana, takan ce in na yi suna ita za ta riƙa karɓar gaisuwa a madadina tunda ni bebiya ce. A can na lura da wata mai nono daga Mandera. Duk zuwanta sai ta ajiye ɗan ƙoƙon man shanu a gindin randa, ba wanda ya saya. Tana gaishe ni da sunana, amma ba ta taɓa kiran sunan taubashiyata ba, ko kallonta ba ta yi. Kuma ƙaramin yatsanta na hagu a tanƙware yake, irin na taubashiyata sak.

Da na dawo na tambayi Inna, ta daɗe tana tsince shinkafa kafin ta ce Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Riƙo aka ba ta tun yarinyar tana yaye, kuma ta roƙi dangi a bar mata maganar, ita za ta faɗa da bakinta in lokaci ya yi. Inna ta ja mini kunne. Na ce to.

Kwana uku na jure. A na huɗu na rubuta labarin a shafi na sha tara. Na sauya sunaye, na mai da garin wani gari, na gaya wa kaina ba mai ganewa. Amma yatsan da ƙoƙon sun yi mini kyau, na kasa cire su. An yaba shafin fiye da kowane. 

Daga baya muka ji taubashiyata ta hau mashin ita kaɗai har Mandera. Matar ta ba ta ruwa, ta juya mata baya saboda kunyar ɗiyar fari, ta sa aka mayar da ita Shagari kafin la'asar. Gwaggo ta yi mako ba ta leƙa ƙofar gida ba. Da Inna ta kai ni ban haƙuri, ban iya ɗaga kai ba. Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi shekara goma sha biyar tana neman kalmomin da za ta faɗa wa yarinyar, ga shi na riga ta.

Har yanzu ina rubutu, amma a littafin da ba ya fita ɗakinmu. Na gane cewa ganin abu bai sa ya zama naka ba. 'Yan uwana masu son rubutu, in labari ya ƙafe muku, ku jira, kada ku ɗebo daga randar dangi. Taubashiyata ta ce ta yafe, muna gaisawa. Sai dai yanzu da cikakken sunana take kirana.