Ranar Da Na Tsare Wa Inna Bandar Kifi

Duk abin da tsufa zai mantar da ni, ban da ranar da na tsare wa Inna bandar kifi. Har yau in na ratsa kasuwar Yelwa na shaƙi hayaƙin tarwaɗa, sai na ji kamar ina tsaye a tungarmu, can bakin ruwa gaba da Wara.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka kunya ce ta raine mu ni da ita. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni. Ko da na yi karatu na zama malamar makaranta a Yelwa, in na je gida gaisuwa ce kawai, sai ta turo mini tuwon shinkafa ta kau da kai. Na san tana sona, daga girman kifin da ke cikin miyata nake ganewa.

A Yelwa kuwa, ma'aikatan lafiya har makaranta suka same mu, suka yi mana bayanin gwajin sankarar bakin mahaifa. Na hau kabukabu na je aka duba ni, na dawo ban ma rasa darasin ƙarshe ba. Sau biyu ina yin gwajin nan. Na gaya wa maƙwabtana, na gaya wa abokan aikina, amma ban taɓa gaya wa matar da ta haife ni ba. Da wane bakin?

Wani hutu na je tunga, lokacin kifi ya kama sosai. Aka yi azahar, aka yi la'asar, ban ga Inna ta ɗauki buta ba. Washegari ma haka. Mace ce da ta daɗe da daina fashin salla, sai abin ya tsaya mini a rai. Na lallaɓa wurin aminiyarta, wata tsohuwa mai barkwanci da suke banda tare tun suna amare, muna ce mata Gwaggo. Ta kwashe da dariya.

"Innarki ta koma budurwa, ɗiyata. Wankin da ta bari tuntuni shi ya dawo. Mu hwa har tsiya muka yi mata."

Ni ban yi dariya ba. A bayanin da aka yi mana an ce jini bayan ɗaukewar al'ada ba abin wasa ba ne. Na zaunar da Gwaggo na fayyace mata komai, na roƙe ta ta isar wa Inna, tunda ni ba zan iya ba.

Ina bayan zana ina jin amsar Inna. Ta ce asibiti na masu ciki ne da matan ma'aikata, ita da furfurarta ba za ta je ta kwanta yara su leƙa ta ba. Sannan ta kawo babbar hujjarta: tafiya Yelwa yini guda ce, ga jirgin ruwa ga mota, kuma kifin da aka bari yini ɗaya ba wuta ya zama na ƙudaje, abincin gidan kuma a jikinsa yake. Gwaggo ta ce ita za ta raka ta, ta ma fara kwanciya a duba ta don Inna ta ga ba yanka mutane ake yi ba.

"To wa ka tsaron kihin?" in ji Inna.

Ban san lokacin da na ce ni ba. Sai Gwaggo ta ce yau alli zai gamu da gawayi.

Da safe na raka su bakin ruwa, na dawo na ɗaura zane a ƙirji. Rabona da murhun banda tun ina 'yar firamare. Na cika itace, wuta ta tashi maimakon hayaƙi, kafin in ankara layin farko ya zama baƙi ƙirin. Matan tunga suka taru suna mini dariya suna gyara mini. Na yini ina juya kifi ina hawaye, ina ɗora wa hayaƙi laifi.

Da yamma jirgi ya dawo da su. Inna ta duba kifin da na ƙona, ta wuce ɗaki. Gwaggo ce ta ja ni gefe. Ita da ta je rakiya, an ga alamar farko a jikinta, an ce za a magance ta cikin sauƙi. Na Inna kuwa ya yi nisa, an tura mu babban asibiti a birni.

Mun yi ta zirga-zirga kusan shekara biyu. Jinyar nan ce ta ba ni uwata, don a cikinta muka fara hira. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta kira sunana, karo na farko a rayuwata.

"Ki tara ƙannenki ki gaya musu," ta ce. "Kak ki ji kunyassu yadda kinka ji tawa."

Allah ya jiƙan Inna. Gwaggo na nan da ranta, tana banda, tana yi mini tsiyar kifin da na ƙona, kuma ita ke tasa matan tunga a gaba zuwa gwaji.

Abin da na koya shi ne cutar nan ba ta tambayar albashi, amma labarin gwajinta a ƙofar mai albashi yake tsayawa, sai an ɗauke shi an tsallaka ruwa da shi. Ni ce ya kamata in tsallakar. Kunya ado ce, ban musa ba, amma tawa ta sa na riƙe magana shekaru, ina kai wa Inna atamfa da sabulu, na bar abin da ya fi su amfani a Yelwa.