Tabarmar da ta bar ƙofar gidanmu

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu. An idar da sallar magariba, na ɗauko kwanon tuwon Baba na fito da shi ƙofar gida kamar kullum, sai na tarar babu tabarma. Can na hango ta a ƙofar gidan Malam Buba, makwabtanmu sun zagaye kwanuka suna ci, babu wanda ya waiwayo. Na daɗe a tsaye, yayyafi yana sauka a kan murfin kwanon, kafin na juya ciki.

Baba tela ne a Fagge, kamar rabin mazan layinmu. Iyayensa daga Barno suka zo, amma shi a Kano ya buɗi ido. Tun kafin a haife ni a ƙofar gidanmu ake ciyayya: kowane magidanci ya fito da abin da aka dafa a gidansa, a haɗa a ci tare, ana tsokanar wanda miyarsa ta yi ruwa. Ni ce 'yarsa tilo, aikina kai kwano da ɗauko shi. Da rana kuwa ina ƙarƙashin kekensa ina tsintar ƙyallaye, mu yi wa 'yartsana zani ni da ƙawayena, in mun gaji mu zana 'yar gala-gala a bakin kwata.

A shekarar nan idanun Baba suka koma ruwan ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe, har cikinsa ya kumbura ƙafafunsa suka ƙi shiga takalmi. Asibiti suka ce hanta ce. Maganar ta zaga layi, aka ƙara mata da cewa a kwano ake ɗauka. Ba wanda ya yi mana rashin mutunci. Gaisuwa ce kawai ta koma daga bakin zaure, ƙawayena kuma kowacce sai ta ce an aike ta.

Mutum ɗaya ke shigowa har ɗaki, Sista Risikatu, wata nas Bayarabiya da ke Sabon Gari, wadda Baba ya daɗe yana yi wa ɗinki. In ta taso daga aiki takan biyo, ta ɗauki tef ɗin awonsa ta auna cikinsa, ta duba idonsa, ta ɗora ƙafafunsa a kan filo. Ita ta koya mini yanke masa farce don kada ya ji wa kansa ciwo wajen susa, da shafa masa mai a baya. Ta kwashe kwalaben jiƙo ta zubar, ta ce wa Inna, "Ba gishiri, ba kanwa, ba magi. Kaɗan-kaɗan, amma sau da yawa." Inna ta kiyaye, sai dai yadda na kai kwanon haka nake dawo da shi. Baba bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba, ga miya lami, ga dariyar abokansa tana shigowa ta taga. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ni kuma tsoro ya cika ni.

Da Sista ta ga haka sai ranta ya ɓaci. Ta ce wannan ciwo ba a kwano yake ba, a samu mai ci tare da Baba. Inna ta sunkuyar da kai, don ita kunya ba za ta bar ta ta haɗa hannu da mijinta ba. Babu ɗa namiji a gidan, saboda haka ni aka wanke wa hannu. Na zauna gaban Baba ina jin nauyi, na kai lomar farko, miyar kuɓewa ce salaf kamar ruwan wanki. Ya ga yadda na yamutsa fuska, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce, "Falmata, ke ma likita ya hana ki gishiri?" Sannan ya sa hannu. Daga ranar kullum tare muke ci, yana tura mini ɓangaren da ya fi laushi, jirgin ƙasa yana kuka daga tasha, mu biyu a ɗakin da ya ishi mutum goma. Wani lokaci yakan tsaya da loma a hannu, yana sauraren muryar Malam Buba a waje.

Bayan babbar salla ya rasu. A ranar aka dawo da tabarmar ƙofar gidanmu don zaman makoki, mutanen nan suka ci abincin sadaka a cikin kwanukanmu, har suna siɗe hannu. Na leƙa na gan su, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Yanzu zauren ya zama shagon sayar da waya, telolin layin sun koma cikin kasuwa. An daina ciyayya. Kowa yana shigewa da ledar abincinsa ya turo ƙofa, lafiyarsa ƙalau, ba wanda ya guje shi. Nakan ce da Baba yana raye a wannan zamani da babu tabarmar da za a ɗauke masa, amma na san da bai iya haɗiye ko loma ɗaya ba.