Bangon Ɗakin Lubabatu

A Wara, in ka ga dattijo ya tsaya gindin bangon mutane yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ya kara kunne kamar mai jiran a amsa masa sallama, kada ka ce taɓin hankali ne. Zakari Magini ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana kwaɓa ƙasa, kuma tun yana saurayi ba ya iya wuce bango bai gaisa da shi ba. Bango mai lafiya, in ji shi, a daƙile yake amsawa. Wanda ya amsa da ƙara irin ta tulun da babu ruwa, to a fara kwashe kaya.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, dugadugansa duk faso saboda tattaka laka. Zamani ya daɗe da juya masa baya. Kowa ya samu abin hannu sai bulo da kwano, in bazara ta kama kuma ka gan su a gindin mangwaro suna fifita, ɗakin da suka yi alfahari da shi ya kore su. Zakari ya koma yaɓen rumbu da ɗinkin katanga, bai yi wa kowa ƙorafi ba.

Babban aikinsa na ƙarshe shi ne ɗakin Lubabatu, 'yarsa ta fari, da za ta auri Auwal, wani ma'aikacin sakatariya mai fili can gangare, kusa da bakin ruwa. Zakari mutumin da ne a wajen kunya. Shekara ashirin da uku bai taɓa kama sunan yarinyar nan ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. In zai yi zancenta sai ya ce wa matarsa Tabawa, "yarinyar ga taki." Abin da bakinsa ya kasa faɗa, sai ya zuba shi a gini. Ya yi bango mai kaurin kamu guda. Ya je da ƙafarsa ya zaɓo azarar giginya, ya yi rufin soro mai nauyi, ya jiƙa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ya shafe ɗakin har yana sheƙi. Sharaɗi ɗaya ya aika wa ango da shi: duk shekara kafin ruwa ya sauka, a sake yaɓe.

A bazara ta biyu wata mai bincike ta zo daga jami'a, Malama Grace, 'yar Zuru, da wasu 'yan na'urori kamar kwalin ashana. Ta bi gidaje tana rataye su, na bulo da na laka, tana auna zafin ɗaki. Bayan mako shida ta nemo Zakari har ƙofar gida, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, duk garin nan babu ɗakin da ya kai naka sanyi," in ji ta. "Ba fanka, ba lantarki."

"To, Allah na ya yi," in ji Zakari. Amma ranar sau biyu ya ƙara tuwo.

Daga nan masifar ta faro. Baƙi suka riƙa zuwa ɗaukar hoton ɗakin. Auwal ba mugu ba ne, Allah ya sani, kunya ce irin ta ɗan boko ta kama shi: a ce manyan mutane suna tsayawa gaban bangon laka a gidansa? Ga yaɓen shekara-shekara ya ishe shi. Sai ya kira birkila, aka shafe ɗakin da siminti ciki da waje, aka buga masa shuɗin fenti. Unguwa ta yi ta sa albarka.

Da labari ya kai wa Zakari, sai ya ajiye cokalin kununsa. Ya san abin da birkilan bai sani ba. Bangon ƙasa yana shan danshi daga gindinsa, rana ta fito ya fitar. In ka rufe shi da siminti, shan ba zai daina ba, fitarwar ce ta ƙare. Daga waje ɗaki sai kyau, daga ciki kuwa yana narkewa, ga tulin ƙasar rufi a bisa kan masu kwana.

To, wa zai faɗa wa? Gidan suruki ne, ɗakin 'yar fari ne, ko ranar biki bai taka shi ba. Ya aiki Tabawa. Kafin maganar ta isa ta zama, "Babanku na gaishe ku, ya ce a riƙa lura da ɗaki." Ya aiki wani dattijo wurin Auwal. Amsa ta dawo cikin ladabi: a ce wa Baba an gode ƙwarai, za a duba. Ba a duba ba.

Sai ya tsiri bin lungun bayan gidan kullum da hantsi, kamar mai wucewa kasuwar kifi. Ya waiga, ya ƙwanƙwasa. Damina ta farko ƙarar tulun nan ta tsaya a gindin bangon, daidai idon sawu. Ta biyu ta zo da ƙarfi, ruwan dam ɗin da garin ke bakinsa ya taso da wuri, ya cinye gonakin bakin gaɓa, masunta suka riƙa ɗaure jirage inda ake shanya koma. Ƙarar ta kai gwiwa.

A daminar nan Lubabatu ta zo gida haihuwar fari, ta samu ɗa namiji. Zakari ya ji sanyi a ransa: kwana arba'in na wanka tana ƙarƙashin rufinsa. Amma kwanakin gudu suke, ƙarar kuma hawa take. Ranar suna tana ƙugu. Kwana talatin tana ƙirjinsa. Ya rame, Tabawa ta ɗauka zazzaɓi ne.

Malama Grace ta dawo kwashe na'urorinta da ta bari tun wancan zuwan, ta biyo ta wurinsa fuskarta ba walwala. Ta ce danshin ɗakin ya ba ta tsoro, ta gaya wa Auwal, ya ce damina ce, kowane ɗaki haka yake.

"Ni zan rubuta a rahoto, amma rahoto sai bayan watanni. Baba, kai za su ji. Ka hana ta komawa."

"Malama, ba ki gane ba," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Wa ka riƙe matar mutum bayan arba'in? Mi za ni ce? In ce ginina na ka kashe ta?"

Ranar arba'in mata suka raka Lubabatu da guɗa, da ƙwaryar gara a kai. Zakari yana zaure, ya ji wucewarsu, bai ɗaga ido ba. Ya tsani kansa ranar nan.

Washegari aka tashi da yayyafi. Ya bi lungu, ya ƙwanƙwasa daidai tsayin kansa. Ƙara. Ya yi ɗage ya miƙa hannu har inda bakin azara yake zaune. Ƙara. A gindin bangon wani siririn tsagi yana tsatsar da jan ruwa, tururuwa sun yi layi suna fita da ƙwayayensu. Ta cikin bangon ya jiyo muryar 'yarsa tana rarrashin jariri.

Bai san lokacin da ya koma gida ya ɗauko diga ba. Auwal yana zaure da abokansa masu barka, suka ga dattijo ya wuce su da laka har gwiwa, ba sallama. Ya tsaya tsakar gidan da bai taka ba tun da ya gama gininsa, ya buɗe baki.

"Lubabatu!"

Ta san muryar, ta san sunan, ba ta taɓa jin su tare ba.

"Lubabatu! Ɗauko yaron ga ki hito. Yanzu!"

Ta fito ba ɗankwali, jariri a ƙirji. Zakari ya ɗaga diga ya sara bangon sau ɗaya. Simintin ya ɓallo faifai guda, jar ƙasa ta biyo shi tana zuba kamar kunu. Can sama azara ta yi wani kuka. Auwal, da ya taho da magana a bakinsa, ya ja da baya yana kallon rufin.

Rufin bai kai azahar ba. Ya sauko gaba ɗaya a kan gadon da gidan sauro yake ɗaure. Zakari bai kalla ba, yana zaune bisa turmi a ƙofar gida, ya ba ɗakin baya. Tabawa ta iso da gudu tana salati.

Lubabatu ta zo ta durƙusa gabansa, kusa fiye da yadda ta taɓa yi. Hawaye na zuba ta ce, "Baba, sunan nan, ƙara hwaɗi nai. Sau guda kawai."

Ya daɗe yana kallon fason ƙafarsa. Sannan ya juya wajen matarsa.

"Tabawa, ce ma yarinyar ga taki ta ruhe ma jinjiri kai. Ana yayyahi."