Ranar da Ba-Tsayawa Ya Kashe Mota

Duk wanda ya zauna unguwar Sersouf a garin Tamanrasset na ƙasar Aljeriya ya san Zaharaddini mai shagon sukari da shayi, amma in ka neme shi da wannan suna za ka sha yawo. Ba-Tsayawa ake ce masa. Mutumin Tasawa ne. Ya zo Tamanrasset yana saurayi, ya yi dako a kasuwa, ya yi yaron mota, har Allah ya hore masa shago da wata tsohuwar mota kat-kat da yake kai kaya ƙauyukan duwatsu da ita. A hanya ya samo sunan. In ya kama hanyar Tazrouk, in ba salla ba ko shingen jandarma, babu abin da ke sa shi taka birki. Mutum ne mai shegiyar fargaba: kada taya ta fashe, kada kori, wato busasshen rafi, ya kawo ruwa, kada a kashe mota ta ƙi tashi. Matarsa Khalida ta sha yi masa tsiya cewa shekara da shekaru yana ratsa duwatsun da Turawa ke hawa jirgi su zo gani, shi kuwa bai san komai a cikinsu ba sai ramukan hanya.

To, bana wata fargabar ce ta zo ta danne sauran. Mahaifiyarsa, Nana Hauwa, ta zo daga Tasawa ganin gida. Ba ta daɗe ba Khalida ta ja shi gefe.

"Baban Mariyamu, idon Inna fa ba lahiya ba," in ji ta. "Jiya ta zuba shayi gefen kofi, ta ce hannu ne ya goce. Shekaranjiya buhun gawayi ta gaida."

Wani ɗan sai ya je ya tambayi uwarsa kai tsaye, amma shi ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Nana Hauwa ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take cewa, ko "mai shago". Ba ta zama inda ya zauna, ba ta duban fuskarsa, in ya durƙusa gaisuwa kai a kauce take amsawa. To yaya mutum zai gane idon da bai taɓa kallonsa ba ya daina gani? Khalida ta gwada zancen zuwa asibiti wajen lokotoro, tsohuwa ta ce ita ba ciwo ya kawo ta ba, in kuma an gaji da ita ne a sa ta mota ta koma.

Ya yi kwanaki abinci ba ya shiga. Can dabara ta faɗo masa. Wani abokin cinikinsa mai lambu a Tazrouk ya daɗe yana kiransa shan ɓaure da inabi. Sai ya ce duk gida za a tafi, har da Inna da 'yarsu Mariyamu, kuma za a tsaya a kalli duk abin kallo da ke hanya. Khalida ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko zazzaɓi yake yi.

Tsayawar farko gindin wani dogon dutse ce, tsaye shi kaɗai kamar rumbu. Bai yarda ya kashe mota ba. Ya fito, ya juya wa uwarsa baya yadda ya saba, ya yi magana da iska:

"Ko mi ne ne wancan ke motsi ƙarƙashin dutsi?"

"Raƙuma ne, Baba!" Mariyamu ta yi farat ta ce. "Har da ɗan ƙarami fari!"

"Raƙuma kam, masha Allah," in ji Inna. "Ga ɗan farin can."

Ya rasa ko ya yi murna ko ya make yarinyar.

Da hantsi suka sauka wani tafki da ke maƙale tsakanin duwatsu, ruwansa garau, ga ciyawa kore a bakinsa. Inna ta yaba ruwan ƙwarai, amma fa sai da Mariyamu ta jefa tsakuwa ya yi tsulum. Wajen gangarawa ta dafa kafaɗar jikar, ta ce gwiwa ce. To, gwiwar ma gaskiya ce, kowa ya san tana ciwonta. Da azahar suka tsaya wajen wani Buzu mai shayi da ke gasa tagella, burodin Buzaye, a cikin rairayi mai zafi. Mutumin ya miƙo wa Inna kofi, ba ta ɗaga hannu ba sai da Khalida ta taɓa ta. Rashin gani ne ko kunyar baƙon namiji? Zaharaddini ya kurɓi shayi bai ji ɗanɗanonsa ba. Kunnensa ɗaya na wajen injin da ke ta cin mai a banza, ɗayan na wajen uwarsa. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ruwa ya tare shi a kori.

Saura wuri ɗaya, wani faffaɗan dutse da mutanen zamanin da suka sassaƙa hoton raƙumin dawa a jikinsa. Ya sha wuce shi, bai taɓa ganinsa kusa ba. Kafin su isa ya cika wa Mariyamu hannu da dabino, ya raɗa mata cewa in ta ce uffan a nan, ba ita ba inabi. La'asar ta yi sanyi da suka iso. Ya kai hannu ga makulli, ya yi jim, ya murɗe. Shiru ya rufe wurin, har Khalida ta ce, "Ikon Allah."

Aka kai Inna gaban dutsen. Dabbar ta fi mutum tsawo, wuyanta zar, ba ta ɓuya ga kowa.

"Mutanen da sun zana wata dabba a nan," ya ce da iska.

Inna ta ɗaga kai, ta ƙanƙance ido.

"Mariyamu, ke mi kika gani?"

Yarinya ta dubi ubanta, bakinta cike da dabino, ta sunkuyar da kai.

Sai tsohuwa ta yi 'yar dariya. "Tun sahe ake gwada ni, ana zaton ban sani ba. Khalida, ja ɗiyar nan ku tahi mota."

Da suka yi nisa ta ce, "Kai wancan. Zo nan."

Ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, kai a ƙasa.

"Matso. Tashi tsaye, ka juya wajen rana." Ya yi yadda ta ce. "Dutsi ina ganinai, inuwa-inuwa. Abin da ke jikinai ban gani ba, kuma ba shi na zo gani ba. Ɗan ganin da ya rage mini na ɗauko tun daga Tasawa, kada ka ƙarar mini da shi bisa duwatsu."

Ta kamo haɓarsa da hannu biyu ta ɗago, ta matso har yana jin numfashinta. Karon farko ke nan da ya ga ƙwayar idon uwarsa. Wani farin abu ya lulluɓe su kamar an ɗiga nono. Ya so ya ce gobe-goben nan za a je wajen lokotoro ko tana so ko ba ta so, amma ya fasa. Ta daɗe tana kallonsa, daga goshi zuwa gemu.

"Allah sarki," ta ce a hankali. "Ashe har ka yi furfura."

Gemun Zaharaddini baƙi ne ƙirin, babu farin gashi ko ɗaya.

"E, Inna," ya ce. "Na yi."

Rana na ta sauka, Tazrouk da sauran tafiya, bai kuma san ko motar za ta tashi ba. Ya tsaya cak, bai motsa ba, har sai da ta gama kallonsa.