Gilashin da Haliru Ya Zaɓa

Idan ka shiga shagon Haliru mai hoto a Gusau yau, bango za ka tarar fari fes, babu hoto ko ɗaya a jikinsa. Mutumin da ya kwashe shekaru yana bin kasuwannin ƙauye yana ɗaukar fuskokin jama'a, yanzu sai hoton fasfo yake yi wa masu neman katin shaida. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, ba shi da hoton Labbo, makiyayin da ya fi ƙauna a duk yawon nan nasa. Ni Bala direba, ni na yi ta jigilarsa a motata, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Haliru ɗan Furfuri ne, gidansu manoma ne tun kaka da kakanni, amma shi fartanya ba ta taɓa karɓarsa ba. Yana tasowa ya gudo Gusau ya zauna a hannun Alhaji Tambaya, wani tsohon mai hoto da ke tsayar da mutane gaban labule mai zanen jirgin sama. Haliru ya koyi aikin, ya kuma gaji da shi. Yakan ce mini duk wanda ya tsaya gaban labulen nan sai ya ɗaure fuska kamar an kawo shi gaban alƙali, shi kuwa mutane yake so a inda suke, suna ciniki, suna gardama, suna tauna rake. Ni dai na ɗauka ciwon ƙuruciya ne, zai wuce.

Da wayoyi masu hoto suka fara cika gari, kasuwar Alhaji Tambaya ta mutu. Ya yi niyyar rufe shago, sai ya kira Haliru don ya yaye shi yadda iyayen gida ke yi. Ya ɗauko wata tsohuwar kyamara ƙarama mai nauyi, wadda ya saya tun yana saurayi, ya ce ta zama ta Haliru. Kyamarar tana da wata ’yar taga da ake leƙawa, a tsakiyarta mutum yakan fito biyu, sai ka yi ta murɗa gilashin gaba har biyun su haɗe su zama ɗaya, sannan ka danna. Gilasan gaban nan guda uku ne, ana cire wani a ɗaura wani. Alhaji ya ce Haliru ya zaɓi ɗaya, sauran na ɗansa ne da ke Kaduna.

Nan fa ido ya raina fata. Akwai gajere mai lamba talatin da biyar, wanda ke kwaso wuri da faɗi, amma idan fuskar mutum kake so sai ka matso har ka ji numfashinsa. Akwai mai lamba hamsin, wanda Alhaji ya ce shi ba ya ƙari ba ya ragi, yadda ido ya gani haka yake kawowa. Sai dogon, mai lamba casa'in, wanda ke jawo na nesa ya kawo maka shi gabanka. Alhaji ya ba shi aron ukun ya je ya gwada ranar kasuwar Tsafe.

Ni na kai shi, kuma tun a hanya na ba shi shawara kyauta. Na ce ya ɗauki dogon, ya zauna a cikin mota ya yi aikinsa, ba sai ya taka kashin shanu ba. Mutum ya samu abin da zai hutar da ƙafarsa, me kuma yake nema? Ya bi maganata, ya ɗaura dogon, muka tsaya a gefen kara inda ake cinikin dabbobi. Can ya hango wani Bafulatani dogo, mai malfa, ya rataya sanda a kafaɗa yana sauraron dillali da alamar bai yarda da ko kalma ɗaya ba. Haliru ya saita shi. Bai kai ga dannawa ba mutumin ya juyo, ya ratso shanu ya nufo mu, ba sauri ba gudu. Na riga na sa hannu a makulli.

Ya tsaya a gaban Haliru ya ce, “Yaro, mi kaka nema? In ni na kaka so, ga ni, ka taho ka yi sallama. Kura ta ka kallon garke daga nesa.”

Kunya ta kama Haliru har ya rasa inda zai sa kansa. Ya fito daga mota, ya ba da hannu, ya tambayi lafiyar shanu da iyali da yadda damina ta bar su. Mutumin ya ce sunansa Labbo, rugarsu tana bayan duwatsun Kwatarkwashi. Sai da suka gama duk wannan Haliru ya cire dogon ya ɗaura gajeren, ya ɗauke shi daga inda yake tsaye. Da aka wanke hoton, ga fuskar Labbo har da tsagar da ke gefen idonsa, ga ƙahonin bijimi a bayansa, ga dillalin ya buɗe baki, ga wata mai nono tana gyara ƙwarya a kai. Kasuwar gaba ɗaya ta shigo. Washegari ya mayar wa Alhaji Tambaya da sauran biyun.

Ni ne na sha wahalar wannan zaɓi. Gilashin da ba ya aiki sai an yi gaisuwa, ai direba ne zai yi jira. Haliru ba ya ɗaga kyamara sai ya yi sallama, ya zauna, ya sha fura idan an ba shi, ya ji labarin ciwon ƙafar tsohuwa da tsadar taki. Ya ma daina wahalar murɗa gilashi, ya bar shi a saite daidai nisan musabaha. Idan kasuwa ta zagayo sai ya koma da hoton ya ba mai shi, ya bar ɗaya don bangon shagonsa. Haka muka yi ta yi a Mada, a Bungudu, a Furfuri, a ƙauyukan da motata ke shiga tana kuka. Ina zage-zage, shi yana ce mini zumunta a ƙafa take. Aikin biki da suna shi ke ciyar da gidansa, wannan kuwa don ransa yake yi.

Labbo ya zama kamar wansa. Duk bayan girbi sai mun je rugar, a yanka mana zabo, su biyu su zauna a gindin dutse suna hira kamar tare aka haife su. Haliru ya ɗauki Labbo yana tatsa, ya ɗauke shi yana alwala, ya ɗauki ’ya’yansa tun suna bin maruƙa har suka yi gemu. Babban ɗan, Buba, yaro ne mai yawan dariya, kuma hotonsa da rediyo a kafaɗa shi ne Haliru ya kafa kusa da ƙofa, don kowa ya shigo shi yake fara gani.

Sannan ƙasar ta lalace. Ba sai na ba ku labari ba, duk wanda ke bin hanyoyin nan ya san yadda muke fita da safe iyali suna yi mana kallon bankwana. Aka fara tare motoci, aka fara kwashe mutane daga gonaki, aka kore shanun makiyaya da na manoma. Abin da ya fi ba ni haushi, mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya suka koma kowa yana zargin kowa. Mai kyamara kuwa ya zama abin tsoro. Manoma suna ganin ’yan bindiga yake kai wa rahoto, makiyaya suna ganin hukuma yake yi wa aiki, gaba kura baya sayaki. Tsoffin da a da suke gyara hula idan sun hango shi, yanzu sai su sunkuyar da kai su shige rumfa. Na ce masa da ya ji maganata ya ɗauki dogon, da yanzu yana aikinsa daga nesa. Ya ce wanda aka gani yana leƙen mutane daga nesa a wannan zamani, ai ko tambayarsa ba za a tsaya yi ba. Gaskiya ya faɗa.

Wata rana wani baƙo ya shigo shagon wai zai yi hoton fasfo. Haliru yana ciki yana gyara fitila, mutumin ya ɗaga waya ya ɗauki hoton Buba da ke bango. Ba a daɗe ba hoton ya bazu a wayoyin jama'a, an rubuta a ƙasansa wai ga ɗaya daga cikin masu tare hanya. Fuskar ta fito tangaran, har giɓin haƙorinsa, babu wanda zai gan ta ya kasa gane mai ita. Haliru ya bi tasha-tasha da majalisa-majalisa yana rantsuwa cewa ƙarya ce, ya san yaron tun yana bin maruƙa. Wa zai saurare shi? Ƙarya tana tafiya a waya, shi yana tafiya a ƙafa. Buba ya kai rago kasuwa wajen Bungudu bai dawo ba, daga baya aka tsinci gawarsa a bakin rafi. Har yau ba a ce ga wanda ya yi ba.

Haliru ya sa babbar riga zai tafi ta'aziyya, sai ga wata mai tallar nono da saƙo daga Labbo. Ya ce kada ya zo. Ya ce kuma duk hoton da ke hannunsa na mutanen rugar, ya ƙone shi, har da fim ɗin da ake wankowa daga jikinsa. Haliru bai tsaya a na rugar ba. Ya kwashe bangon gaba ɗaya, manoma da makiyaya da mahauta da masu ƙosai, ya kai bayan gidansa ya cinna musu wuta da rana tsaka, matarsa Safiya tana tsaye tana kuka. Ina wurin. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Tun daga nan ya rame, ya daina fita gari, kyamarar ta koma cikin akwati da sauran fim guda a cikinta.

A tasha na ji labarin cewa mutanen Labbo za su tashi su yi kudu, sun gaji, abin da ya rage na shanun ma an riga an kora gaba. Wata babbar mota za ta kwashi tsofaffi da mata da kaya a bakin titi kusa da Kwatarkwashi. Na faɗa wa Haliru. Sai ya buɗe akwati ya ɗauko kyamarar. Abu ɗaya yake so, ya riƙe hannun mutumin nan ya yi masa gaisuwar ɗansa, ya kuma sami fuskarsa ko sau ɗaya ya ajiye.

Da hantsi muka isa, na tsaya a ɗaya gefen titin. Ana ta loda tabarmi da ƙore da turame. A ƙarƙashin wata bishiya wasu samari masu gadin gari suna zaune da bindigogi a cinya, ba sa hana kowa komai, kallo kawai suke yi su ga wa ke gaida wa. Na ce wa Haliru ya jira, ni direba ne, babu wanda zai yi mamaki idan na je gaida direba ɗan'uwana. Na ƙetara, na yi kamar ina duba taya. Labbo yana kusa yana ɗaure buhu. Ya tsufa, wuyansa ya zama kamar sanda. Bai ɗago ya dube ni ba.

Ya ce, “Na gane shi cikin mota. Ka ce mishi ban riƙe shi da komi ba, Allah ya sani. Amma kar shi ƙetaro titin ga. Ina da sauran ɗiya, shi ma yana da su.”

Na dawo na faɗa wa Haliru yadda aka faɗa mini. Hannunsa yana kan marfin ƙofa, ya daɗe a haka, sannan ya sake shi. Ya ɗora kyamarar a gefen taga, ƙasa-ƙasa yadda samarin ba za su lura ba, ya murɗa gilashin zuwa ƙarshensa, ya danna sau ɗaya. Aka gama lodi, mutane suka hau, motar ta tashi. Babu wanda ya ɗaga wa wani hannu. Muka juya muka dawo Gusau.

Yanzu babu mai wanke irin wannan fim a garin nan, sai da na ba wani direban Kano ya kai can. Da hoton ya dawo Haliru ya kira ni shago, ya shimfiɗa shi a kan tebur. Gilashin ya yi aikinsa yadda ya saba, ya kwaso komai. Ga sama, ga duwatsun Kwatarkwashi, ga titi ya cinye rabin takardar, ga bishiyar da samarin. Can a tsakiya ga motar, a gindinta ga wasu mutane ƙanana kamar ƙwayar gero, duk sun ba da baya, kusan duk da malfa. Ya sa an ƙara girman wurin, sai ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo.

Ya ce mini, “Bala, kai kaj je kusa da shi. Wane na?”

Na duba, na sake dubawa, na kai hoton bakin ƙofa inda haske yake. Na ce ina jin wanda ke kusa da tayar baya ne. Ya ce a'a, wannan ya cika gajarta, shi yana ganin mai sunkuye ne a kan buhu. Na ce mai buhun nan kamar mace ce. Ya karɓi hoton ya kawo shi dab da idonsa, ya daɗe yana kallo.

Ba mu sake jin labarin Labbo ba, ko yana raye ko ya rasu. Hoton yana cikin aljihun tebur. Duk lokacin da na biya shagon idan babu mutane, sai Haliru ya fito da shi ya sake tambayata, ni kuma har yau ban sani ba.