Kan Jirgin da Baba Ya Tayar

Ranar wata Asabar ce cikin watan Afrilu na 2006, ina da shekara tara, na fara shiga rumfar da ake ajiye tsofaffin jiragen ƙasa a bayan garin Lyon. An yi ruwa da safe, ciyawar da ta tsiro tsakanin ƙarafan layin dogo ta jiƙa mini takalma, ina tafe ina riƙe da gefen rigar Baba. Maƙwabcinmu, wani tsohon Bafaranshe da muke kira Mushe Armand, ya tura ƙatuwar ƙofar kwano, warin gazuwal, wato man dizal, da tsatsa da kashin tantabaru ya tarbe mu. Kawunan jirgi uku ne a ciki. Biyu suna ta ƙyalli, na ukun kuwa yana can ƙurya, ƙarami, koren fentinsa duk ya ɓare, gizo-gizo ya yi saƙa a tagoginsa. Baba bai ko dubi masu ƙyallin ba. Ya nufi na ƙuryar, ya buɗe murfin gefensa, ya cusa kai, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai na ga yana murmushi, abin da na yi wata da watanni ban gani ba.

Baba mutumin Maraɗi ne, ya girma bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Tun yana saurayi yake gyaran manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa Agadas, amma da ya zo Faransa ba wanda ya tambaye shi abin da hannunsa ya sani, takarda ake tambaya, shi kuma ba shi da ita. Ya yi shekaru yana dako a wata babbar kasuwar kayan abinci kusa da Paris, har bayansa ya ƙi. Sai muka tattara muka koma Bron a gefen Lyon, hawa na shida a wani dogon bene. Mama ta samu aikin sharar ofisoshi, Baba kuwa ya samu kujera a bakin taga. Can yake wuni yana kallon taram, jirgin cikin gari, na wucewa, in na dawo daga lakwal da jakar littattafaina na gaishe shi sai ya amsa da ka. Wata rana motar Mushe Armand ta ƙi tashi a ƙasan benenmu, tsohon ya yi ta murza makulli. Baba ya saurara daga sama har haƙurinsa ya ƙare, ya sauka da silifa, bai yi minti goma ba motar ta tashi. Ashe tsohon direban jirgi ne da ya ajiye aiki, yana cikin wata ƙungiyar ƴan sa-kai masu raya tsofaffin jirage, suna ɗaukar mutane yawon buɗe ido ranar Lahadi. Shi ya gayyace mu.

A ranar muka ji cewa ƙaramin kan jirgin nan kwanansa ya kusa ƙarewa. Ya fi shekara goma bai tashi ba, kuma ƙungiyar ta yanke shawarar in babban hutun ƴan makaranta ya ƙare yana nan yadda yake, za a ba masu sayen tsohon ƙarfe su yayyanka shi, don ana buƙatar wurin. Mushe Armand kuwa a kan wannan jirgin ya koyi tuƙi yana matashi, a harabar wata masana'anta. Baba ya ce wannan inji ɗan'uwan na motocin da ya sani ne, a ba shi dama. Shugaban ƙungiyar, wani dogo mai farin gashin baki, ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi inda ya yi karatu. Baba ya ce, "A ƙarƙashin mota, tsakanin Tanut da Agadas, inda in ba ka gyara ba ƙishirwa ta kashe ka." Aka yi dariya, wasu da izgili, aka dai ba shi makullin akwatin kayan aiki.

Daga nan Asabar ta zama tamu. Mama tana aiki ranar, ba inda za a bar ni, don haka tare muke tafiya, aka yanke wa wata tsohuwar rigar aiki hannuwa da ƙafafu ta zama tawa. Aikina ne wanke notina a cikin gwangwanin gazuwal da tsohon buroshin haƙori, in jera su a kwalaben da aka shanye zumar ciki, manya daban, ƙanana daban. Ni ce mai kankare tsatsa a inda hannun manya ba ya shiga, ni ce mai riƙe fitila in Baba ya kwanta a rami ƙarƙashin jirgin. Ba zai iya ɗaga abu mai nauyi ba, sai ya nuna, tsofaffin su ɗaga. In na gaji sai in fita wajen jikokin sauran ƴan ƙungiyar, mu yi ɓuya a cikin taragu masu kujerun katako, ko mu yi gasar tafiya a kan ƙarfen dogo ba tare da ƙafa ta taɓa tsakuwa ba. Ni na koya musu carafke da notina biyar, har wata yarinya ta fi ni iyawa, na ji haushi. Da azahar Baba yakan shimfiɗa kwali a bayan tarago ya yi salla. Da farko sai a yi tsit ana kallonsa ta wutsiyar ido, daga baya ya zamana in lokaci ya yi Mushe Armand ne ke duba agogo ya ce masa ya je. Mama kuwa kullum faɗa take kan baƙin man da ke maƙale a farcena, tana cewa ƴa mace ta haifa ba ɗan gareji ba. Duk da haka ita ce ke tashi ta dafa mana dambun zogale a babbar roba, wai kada a ce mijinta ya je cikin mutane hannu rabbana. Shugaban nan mai gashin baki sai da ya kai ga ƙari biyu.

Cikin watan Yuli aiki ya cije. Baba ya kwance famfon da ke tura gazuwal cikin injin, ya tarar wasu ƙananan ƙarafa a cikinsa sun cinye. Aka buga waya ko'ina, aka ce an daina ƙera su tun kafin a haife ni. Na ga kafaɗun Mushe Armand sun sauka, ya zauna a kan matakin jirgin. Baba ma ya koma gida, ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, har na ɗauka shi ke nan mun koma gidan jiya. Kwana biyu bayan haka ya ce in shirya, za mu Paris.

A unguwar Barbès muka sauka, ƙarƙashin gadar da jirgin metiro ke bi ta sama, cikin hayaniyar masu tallar riguna da shagunan waya. Can muka sami Alhaji Mahamat, wani ɗan Cadi da Baba ya sani tun zamanin dako, mai tara kayan tsofaffin manyan motoci yana aikawa gida. Gaisuwarsu kaɗai ta kusa cinye mini haƙuri, ina gida, ina iyali, ina gajiya, ina labarin ƙasa. Da Baba ya kwance ƙyallen da ya ƙunso ƙarafan, Alhaji ya juya su a tafin hannu ya ce, "Malam Issufu, abin da Bature ya yar, ai mu muke sa shi ya ƙara shekara ashirin. Taso mu je." Ya kai mu ma'ajiyarsa a bayan gari, muka wuni muna tonon akwatuna, ni ina miƙo, su suna gwadawa. La'asar ta yi sanyi kafin a sami famfo irinsa sak, an riga an ɗaure shi za a loda. Alhaji ya ce a ɗauka, amma da sharaɗin in jirgin ya tashi a ɗana shi.

Asabar ta ƙarshen watan Agusta aka gwada. Ƴan ƙungiya duk sun zo, Mama ma ta nemi hutu ta zo da mayafinta mai ruwan goro, ta tsaya nesa da mai. Mushe Armand ya hau ya danna. Injin ya yi gurnani, ya yi tari, ya mutu. Sau uku ana haka, har na ga shugaban ya fara duban ƙasa. Baba bai ɗaga murya ba. Ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, ya ce iska ce ta shiga bututun, ya sassauta wani noti, ya ce in matso da fitila in faɗa masa in kumfa ta daina fita. Na zuba ido har gazuwal ya fito garau. Na ce, "Baba, ta daina." Ya ɗaure, ya ɗaga wa Mushe Armand hannu. Wannan karon ƙasa ce ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafuna, baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, tantabaru suka watse ta rufi. Tsofaffi suna tari suna tafi, Mushe Armand yana share ido da hularsa. Da aka fito da jirgin fili sai ya matsa gefe, ya kama hannun Baba ya ɗora a kan sandar tuƙi. Haka mutumin Maraɗi ya ja jirgin ƙasa har bakin wata gada ya dawo, ni da Mama muna tsaye a bayansa, tana ta salati a hankali. Kafin sanyi ya shigo, shugaban da kansa ya kai Baba garejin wani surukinsa, inda ya yi aiki shekara goma sha ɗaya yana koya wa matasa sauraron inji.

Yanzu ina aiki a wani kantin magani a tsakiyar Lyon, in zan je Paris jirgi mai gudu nake shiga, wanda ba ya wari, ba ya ƙara, kowa kansa a sunkuye kan waya har a isa. Mushe Armand ya rasu, Baba ya koma Maraɗi ya gina ɗan gidansa. Rumfar tana nan, yawancin masu aiki a cikinta matasa ne da ban sani ba, har da mata biyu masu tuƙi. In damina ta yi a can, zafi ya yi a nan, nakan kai ƴaƴana ranar Lahadi, in kira Baba a waya in ɗaga ta sama don ya ji injin yana aiki. Yakan saurara, sannan ya ce in faɗa wa yaran nan su duba mai, ya ji wani abu-abu. Ina faɗa musu, su kuma suna dubawa. Na yi kewar waɗancan Asabar ɗin, amma ina gode wa Allah da ya sa na ga mahaifina a inda aka san darajar hannunsa.